Gashin naman Sallah a baranda: doka ce da gaske ko dai sufa ne ke son takura mana?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a garin nan na New York. Sallah ta matso, na riga na biya kuɗin rago a mayanka, kuma na sayo ɗan murhun gashi na gawayi irin mai ƙafa uku da murfi ɗin nan, niyyata in kafa shi a barandarmu in yi wa yara tsire da balangu su ji ƙamshin Sallah kamar a gida. To sufan gininmu, wato mai kula da ginin, ya gan ni da kwalin a lifta ya ce kar in kuskura, wai doka ta hana, wai za a ci mai gida tara shi kuma ya juyo kaina. A Bronx muke hawa na huɗu, barandar ma ba cikin ɗaki ba ce waje ce iska na kaɗawa. Gaskiya abin ya sosa min rai, ni ke biyan haya duk wata ban taɓa latti ba. Shin doka ce ko hayaƙinmu ne kawai ba sa so?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam. Yaya kai dai yi gashinka. Waɗannan sufofin haka suke, komai ka taɓa sai su ce doka. Ka fita titi da yamma a wannan lokacin na zafi ka gani, mutanen Dominika da na Jamaika kowane lungu hayaƙi ke tashi, wa ya kama su?

Alhaji Mai Tasi:
A'a Ɗan Zango, kar ka tura ɗan'uwanka cikin wahala. Baban Khalifa sufanka bai yi maka ƙarya ba. A dokar kashe gobara ta birnin New York ba a gashi da gawayi a baranda, ba a yi a saman rufin gini, balle kan matakalar ƙarfen nan ta waje da aka tanada don gudun gobara, ita ko tukunyar fulawa ba a yarda ka ajiye a kanta ba. Inda aka yarda da gawayi shi ne filin bayan gida ko fili buɗaɗɗe, kuma da sharaɗi: tsakanin murhun da duk wani abu da zai iya kamawa ya kai ƙafa 10, wato wajen mita 3 ke nan, sannan ya zama akwai tiyon ruwa ko tukunyar kashe wuta kusa da hannunka. To kai auna barandarka da kanka, ina za ka samo ƙafa 10 a cikinta? Yawancin barandun Bronx in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango ka taɓa ƙarfe.

Baban Khalifa:
Alhaji na ji. To in na mayar da wannan na sayo mai gas fa? Shi ai ba garwashi ba tartsatsi.

Alhaji Mai Tasi:
Wannan ma ya fi tsanani. Silindar gas irin babbar nan mai ɗaukar gas mai nauyin fam 20 ba a yarda a yi amfani da ita ko a ajiye ta ba a gidan haya mai iyalai da yawa, ba baranda ba rufi ba ma filin bayan gida. Masu gidan iyali ɗaya ko biyu ne aka ba dama, su ma kar su wuce silinda biyu. Na lantarki kam doka ta bari a baranda, shi ma sai ka duba takardar hayarka don wasu masu gidan sun hana har shi.

Injiniya:
Bari in ƙara kan maganar Alhaji tunda aikin gyaran gine-gine nake, in faɗi dalilin, saboda in mutum bai san dalili ba gani yake takura ce kawai. Gas ɗin nan na silinda ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo ba sama yake tashi ya watse ba, ƙasa yake kwantawa ya bi ƙarƙashin ƙofa ya shiga falo, ya gangara barandar na ƙasa da kai, ya taru a lungu yana jiran wanda zai kunna sigari ko firij ya tashi da ɗan tartsatsinsa. Kai kana sama kana juya nama ba ka san me ke taruwa a ƙasa ba. Shi kuma gawayi matsalarsa kitse da iska. Naman rago kun san kitsensa, yana ɗiga kan garwashi wuta ta yi bal ta tashi sama, to me ke samanka? Barandar maƙwabci ce, ya shanya kaya, ya ajiye katifar da ba ya so, kwalaye, kujerun roba, keken yara. A tsakar gida a Kano in wuta ta tashi sararin sama take tararwa, a hawa na huɗu kuwa gidan wani take tararwa. Kuma iskar sama ba irin ta ƙasa ba ce, tana iya ɗaukar ɗan garwashi ɗaya ta kai shi cikin tagar da aka bari a buɗe mai labule, ba ka ma gani ba sai ihu.

Ɗan Zango:
Injiniya duk na ji amma fa kuna tsorata mutum da yawa. Shekara nawa ana yi? Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mu a Kumasi a zango ɗaki na jikin ɗaki, kurfoti, murhun gawayi, a bakin kowace ƙofa, kuma ga mu da ranmu.

Maman Zahra:
Ƙanina Ɗan Zango ka yi haƙuri amma wannan maganar ba ta yi min daɗi ba ko kaɗan. Kai ba a Bronx kake ba a watan Janairun 2022? Gobarar ginin Twin Parks, mutum 17 suka rasu, 8 daga ciki yara ne, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi ne 'yan Gambiya, da yawanmu a nan mun je jana'izar mun ga akwatunan yara a jere, har yau in na tuna jikina mutuwa yake. Na san ba gashi ne ya jawo ta ba, hita ce ta ɗumama ɗaki, amma abin da nake so ka duba shi ne daga gida ɗaya wutar ta tashi, ƙofa ba ta rufe ba, hayaƙi ya bi matakala ya hau sama ya kashe mutanen da ko wutar ba su gani da idonsu ba. Suna cikin ɗakunansu ranar Lahadi da safe. To wanda zai kunna wuta a irin wannan ginin ba ransa kaɗai ya ɗora a kai ba, akwai tsohuwar da ba ta iya sauka matakala, akwai mai jego, akwai yaran da uwarsu ta tafi aikin dare. Su an tambaye su?

Malam na Masallaci:
Jazakillahu khairan Hajiya. Ɗan Zango ɗana, ƙaddara gaskiya ce amma ba a kafa hujja da ita a kan sakaci. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da aka ba Annabi SAW labari sai ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, in za ku kwanta ku kashe ta. Kuma haƙƙin maƙwabci kun san girmansa, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Sannan takardar haya da mutum ya sa wa hannu alkawari ce. Layya ibada ce, gashi a baranda ba ya cikin sharuɗɗanta.

Ɗan Zango:
Na karɓa Malam. Hajiya ki yafe ni, ban manta da Twin Parks ba wallahi. Amma har yanzu ina nan kan cewa akwai masu fakewa da doka don su ci mana fuska, in wani ya yi a kau da kai in mu ne a kira 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birni.

Maman Zahra:
Wannan kam akwai, ba wanda zai musa maka. Amma ko an nuna maka bambanci ko ba a nuna ba labulen maƙwabcinka kamawa zai yi in garwashi ya faɗa masa.

Ummu Hanif:
Salam, ni daga Houston nake biye da ku. Nan ma haka ne fa, ba New York kaɗai ba. Yawancin garuruwan Amurka dokarsu kusan iri ɗaya ce, ƙafa 10 daga duk abin da zai ci wuta, kuma ba a baranda ba in gidan haya ne mai hawa. A rukunin gidajenmu an rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar haya, sai suka gina wurin gashi na kowa da kowa can gefen fili, da murhun ƙarfe a kafe cikin siminti. Mu dai mukan shimfiɗa takardar foyil a kan ragar ko mu zo da tamu ragar saboda ba ka san me aka gasa kafin kai ba. Baban Khalifa wani abu kuma da ba a faɗa ba, in kana da inshorar kayan ɗaki ka karanta ta da kyau, don in gobara ta tashi ta hanyar abin da ka san an hana rikici ne babba zai biyo baya, ga mai gida ga maƙwabta kowa da lauyansa.

Bakano a Landan:
Mu a nan hukumar kashe gobara ta Landan kullum zafi ya shigo sai ta yi ta shela kar a yi gashi a baranda ko wane iri ne, har da ɗan ƙaramin nan na yarwa da ake sayarwa a kanti. A watan Yunin 2019 an yi wata gobara a unguwar Barking nan Landan, gini ne sabo mai barandun katako, cikin 'yan mintuna wuta ta bi barandun ta haye gini, gidaje 20 suka ƙone ƙurmus, Allah ne ya kiyaye ba a rasa rai ba don da rana ne. Tun bayan gobarar benen Grenfell a 2017 da mutum 72 suka rasu ba mai wasa da maganar abin da aka lulluɓe bangon gini da shi. Kai mai haya ba ka san da me aka yi bangon wajen gidanka ba, fenti kawai kake gani.

Baban Khalifa:
Toh jama'a jikina ya yi sanyi. Amma fa yaran nan na riga na yi musu alkawari, Khalifa kullum sai ya tambaye ni. Uwargida ta ce ko mu shigo da shi kicin mu buɗe tagogi mu kunna fanka, tunda barandar ce aka hana?

Maman Zahra:
Innalillahi. Baban Khalifa dan girman Allah kar ku yi wannan, ka gaya wa Maman Khalifa in ji ni. Wannan ya fi barandar haɗari nesa ba kusa ba. Ni a asibiti nake aiki. Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, ba za ka ji ta a hanci ba. Farko ciwon kai, sai jiri, sai tashin zuciya, sai mutum ya ji kasala ya ce bari in ɗan kishingiɗa, to daga nan ne ba a tashi. Yara ta fi saurin kayarwa. Buɗe taga da fanka ba sa isa, kuma ko bayan harshen wutar ya mutu garwashin na ci gaba da fitar da ita, shi ya sa ko an gama gashi a waje ba a shigo da murhun ciki don gudun ruwan sama ko ɓarayi. Ita ce dai wadda ke kashe mutane a gida lokacin hunturu in an shiga ɗaki da kaskon wuta an rufe ƙofa, ita ce ta hayaƙin janareta. Ku duba ma na'urar nan mai ƙara in ta ji hayaƙi ko iskar gubar, da ke manne a silin ko bango, in kun cire mata batir saboda tana damunku lokacin suya ku mayar yau ɗin nan. Na san da yawanmu muna yi, wasu har leda suke ɗaura mata.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya kin taɓo inda yake mana ciwo, gidaje da yawa na shiga na ga an ɗaure ta da leda ko safa. To ni tambayata babbaka. Kai da ƙafa fa? Bara na ga wasu samari sun sayo abin hura wutar nan mai ƙaramar silinda suna babbake kan rago a kan matakalar ƙarfe ta baya, warin gashi ya cika layi.

Alhaji Mai Tasi:
Wannan ganganci ne tsantsa. Ka gaya wa mayankan tun wajen biya su babbake maka, da yawansu suna yi in ka ƙara ɗan kuɗi, waɗanda suka saba da mutanen Afirka ta Yamma sun san muna son kai da ƙafa da fatarsu. In ba sa yi a kai gidan wanda ke da fili a bayan gidansa.

Injiniya:
Ga masu fili a bayan gidansu kuma, don na san akwai su a nan, kar ku ce ku kun tsira. Abin da na fi gani da idona ba lokacin gashin yake faruwa ba, bayan an watse ne. An ci an sha, dare ya yi, mai gida ya leƙa ya ga toka fari fat ya ɗauka ta mutu, ya juye ta a kwali ko baƙar ledar shara ya jingine a jikin bango ko ya kai ɗakin shara. Alhali in ka tona tsakiyarta da tsinke za ka ga jan ido a ciki, toka rufe garwashi take yi ta adana shi, yana iya kaiwa kwana biyu da ransa. A wani gini da na yi aiki haka aka yi, ƙarfe ukun dare robar shara ta narke ta kama, bangon gidan irin na roba-roba ɗin nan ne ya narke har tagar ɗakin yara, Allah ya sa wani mai dawowa daga aiki ya gani ya buga 911. Toka a bokitin ƙarfe mai murfi ake zuba ta, a jiƙa ta da ruwa sosai a juya, a ajiye nesa da gini. Sannan dan Allah a daina tsiyaya fetur ko kananzir ko ruwan kunna gawayi a kan wutar da ta riga ta kama don wai ta yi sauri, wutar biyo zaren ruwan take yi ta shigo cikin robar da ke hannunka. Kafin a kunna ake sa ruwan kunnawar, a ba shi ɗan lokaci ya tsotse, a rufe robar a kai ta nesa, sannan a ƙyasta ashana.

Ummu Hanif:
Injiniya mu masu gas fa? Maigidana ya fito da namu daga gareji tun bara ba a taɓa shi ba.

Injiniya:
Anti kafin a kunna a kaɗa ruwan sabulu a shafa a jikin tiyon da mahaɗar silindar, a buɗe gas a hankali ba tare da an kunna wuta ba, in kin ga kumfa na tasowa tana girma to akwai yoyo, a rufe a canza tiyo. Ɓera da sanyi da rana duk suna lalata shi. Murfin murhun a buɗe yake kafin a kunna, in a rufe ne gas ya taru ciki ya tashi da fuskar mutum. In wutar ta mutu ana cikin gashi a kashe gas a jira aƙalla minti 5 kafin a sake kunnawa. A kankare tsohon kitsen da ya daskare a tiren ƙasa don shi ne ke kamawa. In kitse ya kama wuta kar a watsa ruwa, fantsama zai yi, a kashe gas a rufe murfi in hannu zai kai lafiya, in ta fi ƙarfi a ja da baya a kira 911 kar a tsaya jarumta. Kuma ba a gashi a cikin gareji ko da ƙofarsa a wangale take. Silinda kuma waje ake ajiye ta a tsaye, ba cikin gida ba, ba cikin but ɗin mota a rana ba.

Maman Zahra:
A ƙara da yara da kayan Sallah. Babbar riga da mayafi da hijabi mai faɗi kusa da wuta sai an kula, mai gashi ya cire malum-malum ya naɗe hannun riga. Yara a ja musu layi taku uku daga murhu, babba ɗaya aikinsa ke nan ya sa musu ido. In tsautsayi ya sa wani ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba ɗanyen ƙwai ba manja, duk waɗannan wahala suke ƙara mana a asibiti wajen wanke ciwon. In ƙunar ta yi faɗi ko a fuska ko hannu take ko jikin ƙaramin yaro a tafi asibiti kai tsaye.

Yaya Babba daga Kano:
Ina karantawa daga gida, wallahi maganar ta shafe mu mu ma. Yanzu gidajen bene na haya sun yi yawa, kuma ranar suyar naman layya za ka ga katon kasko cike da mai a kan murhun itace, jarkar fetur ɗin janareta na nan gefe, yara na guje-guje. Zan tura wa 'yan gidanmu bayanin Injiniya da na Hajiya.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Baranda da kicin duk na janye. To ina mafita? Don na lantarkin nan gaskiya ba ya ba da ɗanɗanon tsire.

Alhaji Mai Tasi:
Mafita fak, wato filin shaƙatawa na gwamnati. Akwai wuraren da hukumar shaƙatawa ta ware don gashi a Van Cortlandt, da Pelham Bay wajen Orchard Beach, da Crotona, da Ferry Point. Gawayi ake zuwa da shi, gas ba a yarda da shi ba a can. Sai a inda aka sa alama kawai, ba ƙarƙashin bishiya ba, kuma in an gama ba a juye garwashi a gindin bishiya ko kan ciyawa, a kashe shi da ruwa a zuba inda aka tanada. In taron zai kai mutum 20 sai an nemi takardar izini, kuma ana so a nema da wuri kamar sati uku kafin ranar, don haka in da gaske muke yau ya kamata a cike. Ranar hutu kuma sai an yi sammako, in ka kai ƙarfe goma ba za ka samu tebur ba.

Ɗan Zango:
To in haka ne ni zan kawo yaji da ƙuli, akwai wanda aka aiko min daga Kumasi. Amma Van Cortlandt ta fi mana sauƙi, jirgin ƙasa mai lamba 1 har bakin wurin yake tsayawa, Pelham Bay da kula da kujeru sai mai mota.

Ɗan Maraɗi:
Ni ina da babbar mota, zan iya ɗaukar murhu biyu da gawayi da tabarmin sallah. Amma Asabar ɗin bayan Sallah nake da hutu, Lahadi ina aiki.

Admin:
To madalla. Duk mai zuwa ya rubuta sunansa da yawan iyalinsa a ƙasa kafin Isha'i don Alhaji ya san adadin da zai sa a takardar izini. Injiniya kai ne mai kula da wuta da toka, ka zo da bokitin ƙarfe da tukunyar kashe wuta. Hajiya Maman Zahra akwatin magani. Masu son Lahadi su yi magana yanzu kafin a cike takarda.